Datar Dare

Shekara bakwai ina sayen datar dare
wurin Muntari mai caji a Mabera.
In zafi ya koro mu daga ɗaki,
kowa ya baje tabarma a tsakar gida,
ni kaɗai ke lulluɓa.
Inna ta ce, "Wanga yaro, sanyi kake ji cikin bazara?"
Na ce sauro ne.

Ƙarƙashin zane, shuɗiyar wuta na cin idona.
Na ga jikuna har na daina ganin mutum.
Ladan ya kira asalatu,
babban yatsana bai gaji ba.

Yanzu ga Luba, wata huɗu da kawo ta.
Lalle ya goge, turare bai ƙare ba.
Tana nan kusa, da ɗuminta da kunyarta,
jikina kuwa kamar baƙon da ya ɓace a unguwa.
Jiya ta ce, murya ƙasa-ƙasa,
"Ko wani laifi na yi maka?"

Na sha jiƙon Tsohuwar Kasuwa, na haɗiyi na kemis.
Zuciya ta yi ta dukan ƙirji,
inda ake jiran motsi, shiru.
Likita ya juya takardar awo, ya cire tabarau:
"Jininka lafiya lau. Me kake kallo da dare?"
Na dubi fanka.

Yau na bar wayar ƙarƙashin kujerar babur, a zaure.
Ban san ko zan iya ba.
Luba na ba ni labarin akuyar gidansu,
ina koyon saurare,
tafin hannuna na ƙaiƙayi.