Lissafin Mai Haƙa

Ranar Talata a Mafara, la'asar ta yi sanyi,
kasuwa ta fara kwashe kayanta.
Ina zaune rumfar Labbo mahauci,
ina jiran tumbi na ɗari biyar.

Sai ga Arzika maharbi, hannu rabbana,
kafaɗarsa na laluben abin da ta saba ɗauka.
Makon jiya aka karɓe masa harba-ka-ruga,
wadda kakansa ya kayar da gwanki da ita.

Ya ce, "Labbo, ashe kai aka bari da makami.
Wuƙa bakwai a gabanka, kowace ta sha dutse,
ba wanda ya tambaye ka takarda.
Ɗan Tumba da muka rufe cikin azumi,
harsashi ya same shi?
Wuƙar yankan albasa ce,
a kan bashin dubu biyu."

Labbo bai ɗago ba, yana raba tsoka da ƙashi.
"Wuƙa sai ka matso, Arzika.
Sai ka ji warin gumin mutum,
ka ga idonsa, ka tuna kun yi kiwo tare.
Tsakanin zarewa da suka akwai taku uku,
a cikin ukun nan wani kan riƙe hannu.
Waccan fa? Daga bayan kuka, daga kan babur,
kafin a gama salati an cika mota."

"To a karɓe ta masu babur mana!
Tawa sai na ɗura, na danna,
na roƙi Allah ta tashi.
Tasu ko numfashi ba ta tsayawa yi.
An bar jaki ana dukan taiki."

"Kai kuma so kake a hana wuƙa?
Da me za a yanka ragon suna?
Kulu ta fere kabewa da farce?
Lauje ma a kai shi ofis a sa masa lamba?"

Ƙudaje suka tashi, suka sake sauka.
Su biyun suka juyo kaina:
"Nomau, kai ke haƙa. Raba mu."

Ni ba ni da alƙaluman rediyo.
Lissafina diga ne da shebur.
Wuƙa kan aiko mini ɗaya-ɗaya,
da sunansa, da kawunsa mai nuna gurbi.
Bindiga ta taɓa aiko mini sha tara da hantsi,
muka ja rami guda mai tsawo
kamar za mu dasa rogo,
har tafin hannuna ya fashe.
Wannan na faɗa, Labbo ya gyaɗa kai.

Amma na ga Tumba a ƙofar maƙabarta,
ba ta rage kuka ba don nata ɗaya ne.
Kuma ƙasa, tun da nake buɗe ta,
ba ta taɓa tambayata faɗin rauni ba.
Wannan na faɗa, Arzika ya gyaɗa kai.

Ba wanda ya ci, ba wanda ya sauka.
Labbo ya naɗe mini tumbi a takardar siminti,
Arzika ya ari ƙaramar wuƙarsa
ya raba goro uku, ya miƙa mana.

Da dare na jingine diga a bakin ƙofa,
na kwanta ina sauraren hanya.
Babur ɗaya ya wuce.
Na jira in ji ko akwai na biyu.