Zalɓen Ƙarfe a Águeda

Shekara ashirin da bakwai Belmiro na walda,
ƙarfe ya san tafinsa kamar yadda ƙofa ta san maigida.
A Águeda, garin kekuna a ƙasar Fotugal,
ko ido rufe yakan haɗa ƙashin keke
bai bar tabo ba.

Wata shekara masu kamfani suka ciwo bashin banki,
suka ce duniya ta gaji da taka feda,
keke mai batir take so, mai hawa tudu ba gumi.
Aka sauke injuna shida daga tirela,
masu dogon wuya kamar zalɓe,
ba sa shan kofi, ba sa ciwon baya.

Kasuwa ta buɗe. Kwantena na bin kwantena zuwa arewa.
Rediyo ta ce arzikin yanki ya haura,
ta faɗi wata lamba mai ɗigo a tsakiya.
Belmiro ya ji ta a kicin, Talata da hantsi,
lokacin da bai saba zama gida ba,
takardar sallama na ƙarƙashin kwanon zaitun.

Baƙi suka cika gari da jakunkunan kwamfuta.
Graciete mai gidan haya ta ƙara kuɗin ɗaki,
mai burodi ya ga haka, shi ma ya ɗaga.
Kifin da ake saye da kwando
yanzu ƙirga shi ake, ɗaya, biyu, ya isa.
Kuɗi ya shigo gari a ƙafa,
farashi ya hau keken ya wuce shi.

Abin da ya hana shi tsine wa injin:
'yarsa Iolanda, da ta shekara uku
tana aika takardar neman aiki har Porto shiru,
ita ke ba zalɓen umarni yanzu.
Albashinta ya ɗara nasa na da,
sai dai kasuwa kan gutsure rarar kafin ta iso gida.

Jiya da dare ta zo da ƙashin keke a kafaɗa,
ya tsage a gaɓa, na tara ke nan a mako.
Ya goge tabarau, ya bi tsagin da babban yatsa.
"Wuta ta yi yawa. Ce masa ya rage gaggawa."
Ta rubuta a bayan hannunta.

Da safe ya buɗe gareji.
Mutum huɗu na jira da tsofaffin kekuna,
waɗanda kuɗin sabon ya fi ƙarfinsu.