Baƙin Mai a Gefen Gishiri

A Colchani, bakin filin gishirin Uyuni,
inda ƙasa take fari fat har ido ya gaji,
mahaifina Fermín na zaune kan tsohuwar taya,
jan bargo a kafaɗa.
Shekara biyu ke nan yana ta rufe masa ido,
amma kunne na nan daram.

Ya ce, "Eulogia, tada ta tukuna.
Mai da sanyi ba ya sauka, zuma ne da asuba.
Ta yi ɗumi dai, kada ta yi zafi."

Na tada ta. Ta yi tari, ta gyara murya,
tsohuwar nan mai ja da ƙafa huɗu
wadda ta sha gishiri fiye da mu duka.
Na kashe, na shimfiɗa kwali,
na shiga ƙarƙashinta da baya.

Farantin ƙarfe ne ke tsare mata ciki.
Noti shida. Biyar suka biyo ni salin-alin,
na shidan tsatsa ta riƙe shi gam.
Na daka, na zage shi a zuci.
Baba ya ce, "Ba a dambe da ƙarfe.
Ɗiga masa mai, ki ƙirga ɗari."
Ina saba'in ya saki.

Notin ƙasa kuwa bai yi gardama ba,
sai dai ya yi mini wanka:
baƙin mai mai ɗumi daga wuyan hannu har gwiwa,
saura ya tsiyaye cikin rabin jarka.
Tafiyar wata uku ce ke zuba,
hawan dutse, ratsa ruwan gishiri,
da daren da muka kwana a hanya babu wuta.

To, ina matatar?
Na haska hagu, na haska dama.
Waya, tiyo, laka, duhu.
Na ce, "Baba, babu ita."
Ya yi dariya har bargo ya zame.
"Ko sanda nake da ido ban taɓa ganinta a mazauninta ba.
Zura hannu ta bayan tayar gaba,
wuce tiyon nan mai kauri, ki yi sama.
Za ki ji abu kamar gwangwanin madara."

Sai na rufe nawa idon, tunda ba su da rana.
Yatsu suka kama hanya su kaɗai,
wani ƙarfe ya yanke ni, na wuce,
can sai ga santsi, ga zagaye.
Ashe nan hannunsa ya yi shekara talatin yana zuwa.

Ta ƙi juyawa.
Ya kwance bel ɗin wandonsa ya miƙo:
"Naɗa mata, ki ja."
Ta yi ƙara kaɗan, ta sallama.

"Duba, tsohon zoben roba ya biyo ta?
In ya manne a can, gobe kina tsakiyar gishiri za ki sani."
Ya biyo ta.
Na tsoma yatsa a sabon mai, na shafe bakin sabuwa,
na murɗa da hannu har ta zauna, na ƙara kaɗan.
"Ya isa. Mai ɗaurewa da sifana shi ke kuka a gaba."

Na mayar da noti, na yanke gora na yi mazurari,
mai ya sauka ja-ja kamar shayi.
Na zaro sandar awo, na goge, na mayar, na sake zarowa:
daidai ƙarƙashin layin sama.

Na murza makulli.
Ya karkata kai, ya daɗe bai ce uffan ba,
iska na kaɗa gezar bargonsa.
Sannan ya ce, "Leƙa ƙasa. Akwai ɗigo?"
Babu.

Na miƙe ina share hannu da tsumma, ina jiran yabo.
Ya laluba da ƙafa, ya taɓa wani abu, ya yi ƙara.
"Wannan farantin fa, na wa ne?
Kuma ba ni bel ɗina kafin in tashi."