Lemo a Garwa

Ran biyar ga wata Alhaji Mati kan zo.
Ba ya sallama biyu, ba ya zama,
sai ya tsaya a zaure yana kaɗa makullin babur
har in ƙirga masa jaka ashirin da biyar
da yatsun da allura ta gama hudawa.

Shekara tara ke nan a Sabon Gari.
Daren jiya na yi lissafi a bayan takardar awo,
tsakanin wuyan wani da tsawon hannun wani:
abin da na zuba a aljihun Alhaji
ya isa ɗaki biyu da kewaye
da ƙofar da ba mai buga ta ran biyar ga wata.
Na ninke takardar, na kashe fitila.

Tsahara ba ta lissafi da biro.
Ita lemo ta shuka a tsohuwar garwa
shekarar da aka haifi Basira,
ta ce ƙasar aro ba a ba ta saiwa.
Yanzu ya kai ƙirjina, bai taɓa fure ba.
Ruwan alwala yake sha, da na wankin shinkafa,
don a Damagaram ko itace ya san kuɗin jarka.

Ran Juma'a Ma'azu dillali ya goya ni,
muka bi hanyar Tanut har gidaje suka gaji da binmu.
Ya nuna mini turaku huɗu masu farin fenti:
"Daga nan zuwa can, naka ne."
Na duba. Tumfafiya, kashin awaki, leda a ƙaya,
da wani dutse zaune a tsakiya
kamar ya riga ni biya.
Ba famfo, ba turken wuta.
"Gari na tafe," in ji Ma'azu.
Na ce, a ƙafa ko a kan jaki?
Ya yi dariya, bai rage ko dala ba.

Miliyan ɗaya da jaka ɗari biyu.
Ina da ɗari tara a ɓoye,
kwasar adashe tawa ce watan gobe.
In na miƙa, na koma wayam:
keken ɗinki ya tsaya fa?
Zazzaɓi ya kama Basira cikin damina fa?
Gero ya ƙi a ƙauye, a aiko neman tiya goma fa?
Fili ba ya shiga tukunya.

In kuma na jira,
buhun siminti ba ya jira.
Filin da na raina bara, bana ya raina ni.
Kuɗin ajiya ƙanƙara ce a bazara,
kana riƙe da ita, tana zuba ta tsakanin yatsu.

Gambo, maƙwabcin rumfata a Kasuwar Dole,
ya ce haya ba abin kunya ba ce,
gara barci a ɗakin wani da ido biyu a naka.
Inna kuwa daga Mirya saƙo ɗaya take aikowa:
"Ubanka daga zaurensa aka ɗauke shi."
Duka biyun sun yi gaskiya,
shi ya sa ba wanda ya taimake ni.

Yau da asuba garwa ta tsage.
Saiwa ta fito ta gindi, fara, siririya,
ta sami tsagar daɓe
ta shige ƙasar Alhaji Mati ba sallama.
Tsahara ta tsuguna ta daɗe tana kallo.
"Ko a datse ta," ta ce, "ko a ɗauke shi."
Ta koma wajen kokonta.

Ban ce komai ba.
Da ta juya baya na zare metir daga wuyana,
na auna faɗin rassan,
na je na auna faɗin ƙofa.

Zai wuce, in an ɗan karkata shi.

Ban gaya mata ba tukuna.