Hannuwan Joytun

Ni ce Joytun, ungozomar wannan tsibiri,
inda kogin Jamuna ke gutsurar ƙasa kamar tuwo,
yau gonar shinkafa, gobe maƙabarta.
An ce jarirai ɗari uku na tarba.
Maƙwabta ne suka ƙirga masu rai;
waɗanda suka koma, ni kaɗai ke riƙe da lissafinsu.

Da tsagin gora nake yanke cibiya,
yadda kakata ta yi,
in shafa toka, in ɗaure da zaren tsohon sari.
Kwana bakwai sai jariri ya ƙi nono,
baki ya sarƙe, baya ya lanƙwashe kamar baka.
Mu ce iskar kogi ce.
Mu rataya koma a ƙofa, mu tura lauje ƙarƙashin tabarma.
Ashe abin ba ya tsoron lauje.

Moyna kuwa,
daren haihuwarta daga garken saniya na taho,
na goge hannu a gefen zane, shi ke nan.
Rana ta uku jikinta ya kama da wuta,
mara ta yi tauri, ko iska ta taɓa sai ihu,
jinin biƙi ya sauya wari,
tana rawar ɗari a tsakiyar zafi,
tana kiran uwarta da ta daɗe a ƙasa.
Na ba ta jiƙo. Na yi tofi.
Ranar Laraba muka ɗebo ruwa.
Wankin da ban yi wa hannuna ba,
shi muka yi wa gawarta.

Bayan damina shida wani jirgin asibiti ya tsaya a gaɓa.
Parbin, yarinyar da na yi jika da ita,
ta kankare ƙasan farcena a kan gilashi,
ta ce, "Inna, leƙa madubin nan."
Na leƙa.
Ga su birjik, suna motsi kamar ƙananan kifi a kududdufi.
Ban ce uffan ba. Kwana biyu ban ci abinci da hannun ba.

Ta ba ni sabulu, reza a takardarta, zare tafasasshe.
Ta ce in riƙa turo masu ciki allurar rigakafi,
a gwada musu jini, a duba fitsari mai zafi,
don cutar da uwa ta raina
ita ke tsallakawa ta sami ɗa tun yana cikin duhu.

Bara, tsakiyar ambaliya,
Shefali, 'yar da Moyna ta bari a tsumma,
faya ta fashe mata tun asuba,
har wata asubar naƙuda ba ta zo ba.
Na taɓa goshinta.
Na san wutar nan, mun taɓa haɗuwa.
Surukarta ta ce a jira gari ya waye.
Na ce jiran nan ya riga ya ci mutum ɗaya a gidan.
Na buga wa Kuddus ƙofa, ya tayar da kwale-kwale,
fitila ɗaya, ruwa sama, ruwa ƙasa,
har Sirajganj.

Suka rataya mata ledar ruwa,
allura safe, allura rana, allura tsakar dare.
Yaron ya zo ɗan mitsitsi, da zazzaɓinsa,
shi ma aka nemi jijiya a bayan hannunsa.
Rana ta biyar Shefali ta buɗe ido,
ta ce shinkafa take so, da kifi, a sa barkono.
Na fita waje na zauna a kan matakala,
na yi kukan da na bi bashi shekara ashirin.

Yanzu jikokina na yi mini dariya,
wai Kaka na cinye sabulu kamar gara.
Ina cuɗa tafi, ina bin tsakanin yatsu,
farce bayan farce, har gwiwar hannu.
Na san kumfa ba ta kai wa jiya.
Amma matar Kuddus ta shiga wata tara,
kuma ruwan yana kan wuta.