Zoben Baba Jaɓɓi

Babu jirgin ƙarƙashin ƙasa a Sakkwato.
Na faɗa tun farko, kada wani ya tafi neman tikiti.
Amma akwai shi a bayan kalandar wani shagon taya,
inda ubana Jaɓɓi ya zana shi da jan biro,
zobe guda, karkatacce kamar bakin tsohuwar ƙwarya.

Shekara arba'in yana ginar rijiya.
Garin da kuka sani ta sama, shi ta ƙasa ya san shi.
Ran da Modi ɗan ƙanensa ya dawo daga karatu
ya ce ya ga jirgi mai bin rami yana kewaya birni,
Baba bai ko ajiye lomarsa ba.
Ya ce, "Gaba nawa sunka nutsa?"

Daren nan ya fara.
Kowace tasha rijiya ce da ya taɓa shiga.

Ƙofar Kware ce mafari, gidan mai jima,
gaba shida, ruwa ya taho da gudu har ya ci masa takalmi.
Runjin Sambo, laka mai riƙe ƙafa kamar mai bin bashi.
Gidan Dare ya sa wa ɗigo biyu,
don nan igiya ta tsinke da shi, ya kwana uku bai san sunansa ba.
Daga Dandima layin ya lanƙwasa ya bi Arkilla,
inda marmara ta cinye masa diga huɗu
maigidan kuma ya biya shi da tunkiya mai tari.

Gawon Nama bai yi bayani ba.
Ya dai rubuta "Ige", ya ja layi a ƙasa.
Nan ta miƙo masa fura a cikin guga,
kafin ta zama uwata.

Mabera da Gagi, sa'ad da suke gonakin gero.
Tudun Wada. Ƙofar Rini.
Kara, inda ƙasa ke warin albasa da awaki.
Sai biro ya koma ya sumbaci inda ya taso.

Na ce, "Baba, ina ƙarshensa?"
Ya ce, "Kulu, shi ne daɗin abin.
Wanda barci ya kwashe ya wuce tashatai,
ya zauna kurum, gida zai sake zuwa ya same shi.
Kuma can ƙasa babu ranar watan huɗu.
Sanyi na nan kwance, ba wanda ya san shi sai ni da kwaɗi."

Ya kai takardar wani ofis sau biyu.
Na farko aka ce oga ya fita.
Na biyu masinja ya ɗora kofin shayi a kai.
Ga tabon nan, ya zauna daidai kan Mabera.

Jiya na ɗauki shatar agwagwa, na shimfiɗa kalandar a cinya.
Arzika direba ya ce bai taɓa jin irin wannan sauka ba.
Ta Runjin Sambo an rufe ta da siminti, ana cajin waya a kanta.
Ta Arkilla ta zama masai.
Ta Gawon Nama ban gane gidan ba, bene ne yanzu,
maigadi ya ce mu gusa.
A Gagi wata yarinya na jan ruwa,
na roƙa, na sha, na tambaye ta wa ya gina.
Ta ce ai tun da can haka take.

Ana kiran la'asar Arzika ya taka birki.
"Hajiya, mun hwa dawo inda munka taso."
Na ce na sani.

Baba yana ƙasa shekara bakwai ke nan,
a rami mafi gajarta da ya taɓa shiga,
kuma wanda ba shi ya gina ba.
Na tabbata da ya ga aikin da ya yi tsaki.

Na ce wa Arzika, in akwai sauran mai,
mu ƙara zagaye ɗaya.