Minti Goma Sha Biyar

Sau tara na ga ƙarshen fim ɗin nan,
farkonsa ban gani ba ko sau ɗaya.
Ina shigowa da tsintsiya ne
daidai lokacin da fitilun titi na cikin majigin
ke gama karanta takun wani bawan Allah,
su kai wa 'yan sanda sunansa:
wannan zai yi kisa nan da minti goma sha biyar.

Su kuwa ba sa makara.
Tun hannun yana aljihu suke riƙe shi.
'Yan kallo su sauke ajiyar zuciya,
su tashi su bar mini gugguru ƙarƙashin kujeru.

Don Evaristo mai sayar da tikiti ya ce,
"Eduvigis, da Valparaíso na da fitilun nan
da tuni mun daina kulle ƙofa."
Ban tanka ba.
Bai san inda nake zuwa ranar Lahadi ba,
da burodi a leda, da safa biyu,
motar farko, kurkukun bayan tudu.

Ni ma na taɓa zama fitila.
Da safen nan Rigoberto bai sha shayinsa ba,
ya ɗaura igiyar takalmi, ya kwance, ya sake ɗaurawa,
ya ɗauki wuƙar gyaran kifi
bai naɗe ta a jarida ba yadda ya saba.
Na gani.
Wallahi na gani, ina goge tebur,
na ce masa, ka taho da albasa.

Amma ku faɗa mini, ku masu na'ura:
shekara goma sha ɗaya yana fita da wuƙar,
ya dawo da ƙarni a riga da kuɗin haya.
Sau nawa ya fita da baƙin rai
iskar teku ta kwashe masa shi kafin ya kai gangare?
Da kun kama shi a wace safiya?
Da kun bar mini shi a wacce?

Mahaifiyar Anselmo tana sayar da furanni a bakin kasuwa.
Ita ba za ta tsaya lissafin nan ba.
Da za a ba ta mintocin,
da haƙora za ta karɓe su,
kuma ba ni da bakin cewa ta yi kuskure.
Ina canja titi in na hango rumfarta.

An kashe majigi. Farin bango ya koma bango.
Na tsinci laima, da safar hannu ta yaro, ɗaya.

Matakala ɗari da sittin da biyu ne zuwa ɗakina.
Fitila uku ke hanyar, ta tsakiya tana kyaftawa.
Ba su san kowa ba.
Nakan ɗan tsaya ƙarƙashin mai kyaftawar
in huta gwiwa,
in bar ta ta dube ni da kyau.